Awa nawa ne a jirgi? Amsoshin tambayoyinku daga Zariya

Wasiƙun wannan fitowa daga Zariya suka fi yawa, kuma kusan dukkansu a kan abu guda: nisan da ke tsakanin filayen jiragen sama da lokacin da tafiyar ke ci. Mun taƙaita tambayoyin don amsa ta samu wuri.

TAMBAYA: Na duba intanet na ga tsakanin Kano da Legas kilomita 835 ne, an kuma ce jirgi yana gudun kilomita 850 a awa guda. Ke nan bai kamata tafiyar ta cika awa ɗaya ba. Me ya sa aka rubuta awa ɗaya da rabi a tikitina?
Daga wani ɗalibi a Samaru

AMSA: Malam, alƙalumanka biyu duk daidai suke, amma ba a haɗa su haka kai tsaye. Lokacin da ke kan tikiti ba daga tashi sama ake fara ƙirga shi ba. Ana farawa ne daga sa'ar da aka cire waigin da ke tokare da tayoyin jirgi a inda ya ɗauki fasinja, a rufe lissafi sa'ar da aka mayar da waigi a filin da ya sauka. Ke nan tura jirgi baya, da tayar da injina, da gangarawa zuwa bakin titin tashi, da jiran izinin hasumiya, duk suna ciki. Wannan kaɗai kan ci minti 10 zuwa 15 kafin taya ta bar ƙasa, a Legas ma ya fi haka idan jirage sun yi layi. Bayan sauka kuma akwai wasu minti 5 zuwa 10.

Shi kuma gudun 850 ɗin, sai jirgi ya kai can ƙololuwa, wajen ƙafa 35,000, inda iska ba ta da kauri, sannan yake yin sa. Ƙasa da ƙafa 10,000, ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ya wuce kimanin kilomita 460 a awa. Hawa zuwa ƙololuwar kan ɗauki kamar minti 20, a ci kilomita 200 da 'yan kai. Saukowa ma ba faɗowa ake yi ba. Matuƙa suna lissafin mil 3 na teku ga kowace ƙafa 1,000 da za a sauke, shi ya sa jirgin da ke ƙafa 35,000 yake fara yin ƙasa tun saura kilomita 200, yana rage gudu mataki mataki, har kusan minti 25. Abin da ya rage a tsakiya, inda ake cikakken gudu, bai wuce kilomita 430 ba, wato rabin awa. Haɗa 20 da 30 da 25, ka samu minti 75 a sama. Ƙara na ƙasa, ga awa ɗaya da rabinka.

Akwai kuma abin da shafukan intanet ba sa nunawa. Nisan da suke bayarwa miƙaƙƙen layi ne daga fili zuwa fili, alhali jirgi yana bin hanyoyin da aka shata a sama, masu lanƙwasa. Idan ya iso kuma, iska ce ke zaɓar ɓangaren titin da za a sauka, domin jirgi yana son ya fuskanci iska wajen tashi da sauka. Wani lokaci sai an wuce filin an zagayo.

Ga lissafin da za ka riƙe, yana aiki a kusan kowace tafiya ta jirgin jet: raba nisan da 800, ka ƙara rabin awa. Kano zuwa Abuja kilomita 365 ne, ya ba ka kusan awa ɗaya. Kaduna zuwa Legas 635, awa ɗaya da minti 20. Abuja zuwa Landan kimanin 4,770, awa shida da rabi. Idan jirgi mai farfela ne, irin ATR 72, sai ka raba da 500.

Ka lura da ma'auni kafin ka raba. Mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, mil na teku kuwa, wanda matuƙa ke aiki da shi, kilomita 1.852. Tafiyar Kano zuwa Legas ɗin nan za ka iya ganin ta a matsayin 835, ko 519, ko 451, kuma duk nisa ɗaya ne.

TAMBAYA: Zan tafi Umara. Tikitina ya nuna za mu tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare mu sauka Jidda 4:45 na asuba, kusan awa bakwai. A dawowa kuma za mu tashi 6 na yamma mu iso Kano 8:45 na dare, bai kai awa uku ba. Kuskure aka yi, ko jirgin dawowa ya fi gudu?
Daga wata Hajiya a Tudun Wada

AMSA: Hajiya, Allah ya kai ki lafiya, ya karɓi ibada. Ba kuskure ba ne. Kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin da aka ambata ne, kuma Saudiyya tana gabanmu da awa biyu a duk shekara. Sa'ar da agogon Jidda ya nuna 4:45, na Zariya 2:45 yake nunawa. Tafiyar awa huɗu da minti 45 ce. A dawowa, ƙarfe 6 na Jidda shi ne 4 na yamma a nan, daga 4 zuwa 8:45 kuwa awa huɗu da minti 45 ne dai. Nisan Kano da Jidda kimanin kilomita 3,420 ne, Kano da Madina kimanin 3,560. Ga maniyyatan da ake kwasa daga Kaduna, a ƙara wajen kilomita 180 a kan kowanne.

Duk da haka, zuwa da dawowa ba kasafai suke zama daidai wa daida ba, saboda iskar da ke can sama. Jirgi a cikin iska yake tafiya, idan tana bayansa ta ƙara masa, idan tana gabansa ta rage. A ce yana yin 850, iska kuma tana kaɗawa da 80. Mai bin ta zai riƙa cin ƙasa da 930, mai fuskantar ta da 770. A nisan Jidda bambancin ya kai minti 45. Abin sha'awa a hanyarmu shi ne iskar tana juyawa da yanayin shekara. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, iskar sama a wannan yanki daga gabas take zuwa, sai dawowa gida ta fi sauri. Da hunturu ta yamma ce ke rinjaye, sai zuwa ya fi sauri.

Babban abin da ke iya sauya lissafin shi ne hanya. Miƙaƙƙen layi daga Kano zuwa Jidda ta kan Chadi da Sudan ya bi, sannan ya tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 an rufe sararin samaniyarta, dole jirage suka koma zagaye, kuma alhazan wannan shekarar sun ji tsawon tafiyar a jikinsu. Duk kilomita 800 da zagaye ya ƙara, awa guda ce ta ƙaru a kujera, ban da man da aka ƙona. Don haka ki tambayi kamfanin awa nawa tafiyar take a yanzu, kada ki dogara da labarin wadda ta je shekarun baya.

Tunda tashinku na dare ne, ki duba kwanan wata da kyau. Da a ce an rubuta 00:30 ranar Juma'a, to daren Alhamis za ki kasance a filin jirgi, domin rabin awa ce bayan sha biyun daren da ya shigo da Juma'ar. Mutane da yawa sun zo da yammacin Juma'a sun tarar jirginsu ya tafi tun jiya da dare, kuma kamfani ba ya ɗaukar wannan a matsayin laifinsa. Alamar +1 kusa da lokacin sauka tana nufin washegari za a isa.

Batun harami, hukuncinsa na malamai ne, ki tambaye su tun kina gida. Abin da za mu iya faɗa miki shi ne jirgi yana cin kilomita 14 a minti ɗaya, kuma tekun da ke tsakanin gaɓar Sudan da Jidda bai kai kilomita 300 ba. A daidai nan an riga an fara saukowa, an ce kowa ya ɗaura bel, ba a barin shiga bayi. Wanda ya bar wanka ko sauya tufafi sai an yi sanarwar miƙati ya makara. Maza su shiga jirgi da haraminsu a jiki ko a jakar hannu, kada ya tafi cikin kayan awo. Ki kuma sani mai tafiya gabas darensa gajere ne, asuba za ta riske ki da wuri fiye da yadda agogon hannunki ke nunawa.

TAMBAYA: Ina yawan zuwa Legas sarin kaya, wani lokaci kuma Abuja. Daga Zariya, wanne ya fi mini, filin jirgin Kaduna ko na Kano?
Daga wani ɗan kasuwa a Sabon Gari

AMSA: Alhaji, ka fara lissafi daga ƙofar gidanka, ka rufe shi a ƙofar inda za ka. Zaman cikin jirgi shi ne mafi ƙanƙantar kaso a tafiyar mutumin Zariya.

Zuwa filin jirgin Kaduna, ta Jaji da Mararrabar Jos da Kawo, ka karya ta Mando, wajen kilomita 90 zuwa 100 ne, ka ware awa ɗaya da rabi. Zuwa filin Malam Aminu Kano, ta Kwanar Ɗangora da Kura, ya haura kilomita 150, kuma sai ka ratsa cunkoson cikin Kano kafin ka kai. Ka ware awa biyu da rabi zuwa uku. A sama kuwa bambancin Kaduna da Kano zuwa Legas kilomita 200 ne kawai, minti 15. Idan duka biyun suna da jirgi a lokacin da kake so, Kaduna ta fi maka da kimanin awa ɗaya da rabi.

Inda Kano ta ɗara shi ne yawan jirage. Idan aka soke tashin safe, akwai damar a sa ka a na rana ko na yamma. Filin da jirgi ɗaya ko biyu ke zuwa a yini, soke tashi na nufin kwana. Ranar da kake da alƙawarin da ba ya ɗaguwa, ka duba jirage nawa kamfanin ke da su a wannan rana kafin ka duba farashi.

Abuja kuwa, shawararmu kada ka hau jirgin sama daga Zariya sai da wani dalili na daban. Duba: awa biyu da rabi zuwa Kano, awa ɗaya da rabi na awo da bincike da jira, awa ɗaya a jirgi, rabin awa na ɗaukar kaya, sannan kusan kilomita 40 daga filin Nnamdi Azikiwe zuwa tsakiyar gari. Ya haura awa shida, kuma ka fara da yin arewa alhali kudu ka nufa. A mota nisan bai wuce kilomita 270 ba. Akwai kuma jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, kilomita 186, wanda ya fara aiki a 2016. Halin da hanya ke ciki da batun tsaro su ne za su sa ka zaɓi tsakanin waɗannan biyun.

A tafiyar cikin gida ka isa fili awa biyu kafin lokacin tikiti, ta ƙasashen waje awa uku. Ana rufe awo tun kafin lokacin tashi, yawanci da minti 30 zuwa 45 a cikin gida, awa guda a na waje, kowane kamfani da nasa. Mai kaya da yawa irinka ya fi kowa buƙatar zuwa da wuri, domin biyan kuɗin ƙarin nauyi ma layi ne.

TAMBAYA: An ba ni tikitin Jidda mai sauƙin kuɗi amma sai an yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa. Nawa zai ƙara mini?
Daga wani malami a Kongo

AMSA: Malam, ta Alƙahira kimanin kilomita 3,100 ne sannan 1,200, jimilla 4,300. Ta Adis Ababa 3,330 da 1,410, jimilla 4,740. Ka kwatanta da 3,420 na kai tsaye. Kowane zango yana da nasa rabin awar na tashi da sauka, don haka zaman jirgi kaɗai zai kai awa shida da rabi zuwa bakwai. Amma jiran tsakiya ne ke cinye yini, yana iya zama awa biyu, yana iya zama goma sha biyu. Ka nemi layin da aka rubuta jimillar lokacin tafiya, shi ne gaskiyar magana, don an riga an cire bambancin agogo a cikinsa.

Jiran da bai kai awa biyu ba yana da haɗari ga wanda bai san filin ba, ko mai tafiya da tsofaffi. Jinkirin minti 40 daga Kano ya isa ya sa jirgi na biyu ya tafi ya bar ku, ko ku shiga kayanku su kwana. Mafi muhimmanci, ka tabbatar zangon biyu suna kan tikiti ɗaya mai lamba ɗaya. Idan haka ne, kayanka za su wuce kai tsaye, kuma in jinkirin jirgin farko ya sa ka rasa na biyu, nauyin kamfani ne ya sa ka a wani. Idan tikiti biyu ne daban aka haɗa maka don araha, sai ka fita ka ɗauki kaya ka sake awo, wanda kan buƙaci bizar ƙasar, kuma in ka makara kuɗinka ya tafi. Ka tambayi wakilin da ya sayar maka wannan a fili, ka ga amsar a rubuce.

TAMBAYA: A watan Janairu ɗana ya taso daga Legas zuwa Kano. Sun iso, suka yi ta zagaye a sama, daga baya aka juya da su Abuja. Tafiyar awa ɗaya da rabi ta zama yini guda. Tun farko ba su san da hazon ba ne?
Daga wani dattijo a Ƙofar Doka

AMSA: Baba, sun sani, kuma da shirinsa suka taso. Kafin kowane tashi matuƙi yana karɓar rahoton yanayin filin da za shi da hasashen awannin gaba. Matsalar hazon hunturu ita ce yana sauyawa cikin ɗan lokaci. Ƙurar, wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska ke kwaso ta, tana iya yin kauri tsakanin tashi da isowa.

Kowane titin sauka yana da iyakar ganin da aka yarda a sauka da shi. Inda akwai na'urar da ke jagorantar jirgi har kusa da ƙasa, a matakinta na farko, ana buƙatar ganin mita 550 a kan titin, kuma idan jirgi ya sauko zuwa ƙafa 200 matuƙi bai hango titi ko fitilunsa ba, dole ya ƙara wuta ya koma sama. Inda babu na'urar, ko ana gyaranta, iyakar tana ƙaruwa sosai. Shi ya sa za ka ga a hazo iri ɗaya an sauka a wani gari an kasa a wani.

Zagayen da suka yi jira ne ko ƙura za ta lafa, kuma mai ne ke yanke tsawonsa. Doka ta wajabta wa jirgi ya ɗauki man tafiyar, da ƙarin kaso na ko-ta-kwana, da man da zai kai shi wani filin da aka zaɓa tun kafin tashi, da kuma na minti 30 wanda ba a taɓawa sai a halin gaggawa. Da zarar jira ya kusa cin man zuwa fili na biyu, matuƙi ba ya da zaɓi sai juyawa. Abuja tana kilomita 365 daga Kano, kuma sau da yawa hazonta bai kai na Kano ba. Mu a ganinmu matuƙin nan ya yi daidai, kuma wanda ya ƙi tasowa tun farko ma ya yi daidai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Da damina hadari ne ke kawo irin wannan. Gajimaren hadari yana iya yin tsawon da ya wuce inda jirgin fasinja ke kaiwa, ba a bi ta kansa, sai a kauce masa da kilomita 30 zuwa 40, ko a jira ya wuce filin. A arewa ya fi haɗuwa daga la'asar zuwa dare. Wannan na cikin dalilan da muke ba da shawarar jirgin farko na safe. Ɗaya dalilin shi ne jirgi guda yakan yi zango huɗu ko fiye a yini, jinkirin da ya samu da hantsi kuma yana bin sa yana ƙaruwa har dare.

TAMBAYA: Kullum muna ganin ƙananan jirage suna shawagi a kanmu. Me ya hana a riƙa ɗaukar fasinja daga nan zuwa Kano ko Kaduna?
Daga wata ɗaliba a Palladan

AMSA: Malama, jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ne, wadda aka kafa a 1964, kuma filin na horo ne. Gudunsu bai wuce kilomita 200 zuwa 300 a awa ba. Daga filin Zariya zuwa na Kaduna kilomita 60 da 'yan kai ne a miƙe, zuwa na Kano kusan 140. Jirgin fasinja a irin wannan nisa ba zai gama hawa ba zai fara saukowa, hawan kuwa shi ne inda ya fi shan mai. Kuɗin sauka da na ma'aikata da na duba injina bayan kowane tashi ba sa raguwa don tafiya gajera ce, sai tikitin ya yi tsada ƙwarai. Ga shi kuma awa ɗaya da rabi na awo da jira ya isa mota ta kai ki Kawo.

TAMBAYA: A allon cikin jirgi na ga layin tafiya ya lanƙwashe kamar baka. Ba ɓata hanya ba ne?
Daga wani ma'aikacin asibiti a Shika

AMSA: A'a, Malam. Duniya a mulmule take, taswira kuma a shimfiɗe. Ka sami ƙwallon duniya irin na makaranta, ka ja zare tsakanin garuruwa biyu har ya ɗame, inda zaren ya kwanta nan ce hanya mafi gajarta, kuma idan aka zana ta a shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ta fito a lanƙwashe. An fi ganin haka a doguwar tafiyar gabas da yamma, kamar daga Turai zuwa Amurka. Daga Abuja zuwa Landan, da yake kusan arewa sak ne, layin a miƙe yake fitowa, ta kan Nijar da Aljeriya. Idan ka ga ya karkace sosai a wannan hanya, to wata ƙasa ake kauce wa, kamar yadda aka yi a watan Agusta na 2023 lokacin da Nijar ta rufe sararin samaniyarta. Agogon Landan kuma daidai yake da namu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin yana bayanmu da awa ɗaya, sai ka duba watan tafiyarka kafin ka faɗa wa mai tarbarka lokaci.